Kwana Uku da Wata Uku: Kwaroron Roba, Ƙanjamau da Lokacin da Ya Dace a Yi Gwaji

Wannan shi ne jawabin da jami'in lafiyar da muka gayyato ya gabatar a zaman rana na bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu. Mun buga shi yadda ya faɗe shi saboda 'yan'uwan da tafiya ta hana su halarta.



Mai girma shugaban ƙungiya, 'yan kwamiti, dattawanmu, alhazai da hajiyoyi, direbobi da yaran mota, da sauran 'yan'uwa da suka taso daga nesa da kusa, ina yi muku barka da wannan rana. Allah ya ƙara wa ƙungiya albarka, ya ƙara haɗa kanku, ya tsare ku da dukiyoyinku a kan hanya.

Da sakataren ƙungiya ya same ni da takardar gayyata, cewa ya yi in zo in yi magana a kan lafiyar matafiya. Na ce masa wannan magana tana da faɗi. In muka shiga zazzaɓin cizon sauro da ciwon baya da hawan jini da rashin barcin direbobi, sai magariba ta yi mana ba mu gama ba. Don haka na zaɓi tambaya guda ɗaya. Ita ce tambayar da 'yan kasuwa da direbobi suka fi yi mini, amma ban taɓa jin wani ya yi ta a gaban jama'a ba. Mai ita yakan jira sai layi ya ƙare, ya shigo ya ce kansa ke ciwo. Sai na rufe ƙofa na zauna, sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, akwai abin da ya faru a hanya. Na yi amfani da roba. To, ina cikin haɗari? Yaushe zan yi gwaji in san matsayina?"

Da safe malam ya yi mana nasiha a kan halal da haram, kuma abin da ya faɗa ya isar. Wanda ya tsaya ga iyalinsa, iyalinsa suka tsaya gare shi, kuma dukansu sun yi gwaji, ya huta da yawancin abin da zan faɗa. Ni kuwa mutum yakan zo mini ne bayan abu ya riga ya faru, alhali a gida akwai mata da 'ya'yan da ba su ji ba, ba su gani ba. Kuma kada wani ya waiga ya kalli na kusa da shi. Wannan tambaya takan fito daga miji da matar da ɗayansu ke ɗauke da cutar suna zaune lafiya. Takan fito daga 'yar kasuwar da aka fi ƙarfinta a hanya. Takan fito daga uban da yaronsa ya zo masa a ruɗe. Ku saurara ko don ku taimaki wani. Iyayena mata da dattawa, ku gafarce ni, akwai kalmomin da dole sai na ambata, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mutum biyu

Zan fara da labarin mutum biyu da suka zo wurina. Ba zan faɗi sunansu ko garinsu ba.

Na farko ɗan kasuwar hatsi ne. Ya sa roba tun daga farko har ƙarshe, ba ta fashe ba, ba ta zame ba. Amma tun da ya dawo gida barci ya ƙaurace masa. Kullum yana duba harshensa a madubi, yana lalubar wuyansa. Ya daina shiga ɗakin matansa, yana kawo uzurin gajiya, har suka fara zargin juna. Ya yi gwaji sau uku a cikin kwana goma a wurare uku daban-daban, kowane ya nuna babu, shi kuma bai yarda ba. Ya sha jiƙe-jiƙe, ya sha maganin zazzaɓi ba tare da zazzaɓi ba, ya rame. Ramar kuma ta ƙara tabbatar masa da abin da yake tsoro.

Na biyu direba ne. Shi robarsa ta fashe, kuma ya gani da idonsa. Sai ya ce bari ya sauke kaya, ya koma gida, ya je wurin wanda ya sani. Layi ya riƙe shi a kan iyaka, mota kuma ta lalace masa a hanya. Ranar da ya iso wurina kwana shida ke nan da faruwar abin. Akwai maganin da zan ba shi da ya zo a cikin kwana uku. A kwana na shida lokacinsa ya wuce, babu abin da ya rage sai jira.

Na farko ya wahala a inda haɗari bai taka kara ya karya ba. Na biyu ya yi jinkiri a inda ake bukatar gaggawa. Abin da ya raba su shi ne halin da robar ta ƙare a ciki, kuma daga nan za mu fara.

Idan roba ba ta fashe ba

Ƙwayar cutar da a Najeriya ake cewa ƙanjamau, a Nijar da sauran ƙasashen da ke amfani da Faransanci kuma ake cewa sida, tana zama ne a cikin jini, da maniyyi, da ruwan gaban mace, da ruwan dubura, da nonon uwa. Kafin ta kama mutum sai ɗaya daga cikin waɗannan ya sami hanyar shiga jikinsa. Ba a ɗaukarta ta musabaha, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko shan shayi a kofi ɗaya, ko buta, ko bayan gida, ko cizon sauro.

Kwaroron roba mai kyau, ƙwayar cutar ba ta iya ratsa shi. Maganar da ake yi a tasha cewa wai yana da ƙananan ƙofofin da cuta ke bi ba gaskiya ba ce. Saboda haka idan an sa shi kafin a fara saduwa, ya zauna a wurinsa har aka gama, aka cire shi bai yage ba, to haɗarin ɗaukar ƙanjamau a wannan saduwa kusan babu shi, ko da ɗayan yana ɗauke da cutar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wani zai ce ya ji a rediyo cewa roba ba ta kariya ɗari bisa ɗari. Haka ne, kuma ga inda maganar ta samo asali. An bi ma'aurata na tsawon lokaci, waɗanda ɗaya ke da cutar ɗaya ba shi da ita. Waɗanda suka ce kullum suna amfani da roba, an ga kamuwa ta ragu a cikinsu da kimanin kashi 80 cikin 100. Ragowar ta haɗa da ranar da roba ta fashe, da ranar da ta zame, da ranar da aka sa ta a makare, da ranar da aka manta amma aka ji kunyar faɗa. Wannan lissafi ne na shekara da shekaru na mutane masu yawa. Kai da ke tambaya a kan dare ɗaya, kai ka san ko taka ta fashe ko ba ta fashe ba.

Don haka nakan yi wa mutum tambaya huɗu. Ka sa ta tun kafin a fara, ko sai da aka yi nisa? Ta fashe? Ta zame, ko ta tsaya a jikin matar? An yi wata saduwar a wannan dare ba tare da ita ba? In amsar ta nuna komai ya tafi daidai, ba ka bukatar maganin gaggawa. In ka ce ba ka tuna ba saboda ka sha wani abu da ya gusar maka da hankali, to mukan ɗauke shi a matsayin ta fashe.

Abin da ke sa ta fashe

Roba ba ta cika fashewa haka kawai ba. Yawancin dalilan suna da alaƙa da irin rayuwarku ta hanya.

Na farko zafi. Wanda ya ajiye ta a gaban mota tana shan ranar Maradi ko ta Njamena, ko a walat yana zama a kanta wata da watanni, ya riga ya kashe ta. A ajiye ta a inuwa, cikin jakar kaya. Akwai kwanan watan lalacewa a jikin kowace leda, a duba shi kamar yadda kuke duba na madara da taliya kafin ku saya. In ka matsa ledar ka ji babu iska a ciki, ko ka buɗe ka ga robar ta bushe ko tana danƙo, ka jefar.

Na biyu mai. Basilin, man kaɗe, man gyaɗa, man shanu da man shafawa duk suna cin roba cikin ɗan lokaci kaɗan. Wanda ke bukatar santsi ya nemi wanda aka yi da ruwa, ana sayar da shi a kantin magani. A ɗaya ɓangaren kuma bushewa ma tana fasa ta. Magungunan matsi da wasu mata ke sawa, da magungunan ƙarfin maza da ake tallatawa a tasha masu sa a daɗe fiye da ƙima, suna kawo gogayyar da ke yaga roba, tana kuma yi wa jiki ƙananan raunuka.

Na uku yadda ake sa ta. Ba a yaga ledar da haƙori ko reza. A matse kan robar don iska ta fita kafin a warware ta. Ba a haɗa biyu, domin suna gogar juna su yage. Ba a maimaita wadda aka yi amfani da ita. Idan an gama, a riƙe gindinta a janye tun kafin gaba ya kwanta, in ba haka ba nan take zamewa.

Kwana uku

Yanzu a ce ta fashe, ko ta zame, ko ba a sa ba, ko an tilasta wa mace. Nan ne lissafin kwana uku ke farawa.

Akwai maganin da ake sha bayan abin ya faru don a hana ƙwayar cutar kafa gindi a jiki. Dole a fara shi a cikin awa 72, kuma wanda ya fara a ranar farko ya fi wanda ya fara a rana ta uku samun kariya. Ana shan sa kullum har kwana 28 ba fashi, yawanci ƙwaya ɗaya a rana. Irin maganin da masu ɗauke da cutar ke sha ne, shi ya sa ake samun sa a asibitocin da ke kula da su. A Najeriya da Gana sunansa PEP. A Nijar, Benin, Togo, Kamaru da Chadi ku ce PPE ko TPE. Ku rubuta waɗannan haruffa a wayoyinku yanzu.

Ku da ke bin hanya kun fi ni sanin yadda kwana uku ke tafiya. Mota takan yi fiye da haka tana jiran takarda a kan iyaka. Don haka duk inda abin ya same ka, Kwatano ne, ko Lome, ko Ƙonni, ko Kusiri, ka nemi babban asibitin gwamnati mafi kusa a ranar. Kada ka ce sai ka koma gida. A baƙon gari ma ai babu wanda ya san ka, kunya ta ragu. Ka faɗa wa ma'aikacin lafiya abin da ya faru da lokacin da ya faru. Za a yi maka gwaji nan take don a tabbatar ba ka da cutar tun da can, a auna girman haɗarin, sannan a ba ka magani in ya dace. Wasu kan ji tashin zuciya ko ciwon kai ko kasala a kwanakin farko. Kada ka daina sha, ka koma ka faɗa.

Wanka da sabulu mai ƙarfi, ko Dettol, ko lemun tsami, ko haɗiyar kafso daga kemis, ko fitsari nan da nan, babu ɗayansu da ke hana ƙanjamau. Mace ta wanke cikin gabanta da irin waɗannan abubuwa ma ƙara wa kanta rauni take yi.

Hajiyoyi, wannan naku ne musamman. Idan aka fi ƙarfin wata a hanya, ko ke ce, ko 'yarki, ko yarinyar da ke miki aiki, a kai ta asibiti a ranar. Ban da wannan magani akwai na hana ɗaukar ciki na gaggawa, da na sauran cututtukan saduwa, da rigakafin ciwon hanta. Maganar waye ya yi, da abin da za a yi masa, ta biyo baya. Agogon awa 72 ba ya jiran a gama shawara.

Fashewar roba ba ta nufin an kamu. Ƙiyasin hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ya nuna cewa a saduwa ɗaya ba kariya da mai ɗauke da cutar wanda ba ya shan magani, kimanin maza 4 cikin 10,000 ne ke kamuwa, mata kuma kimanin 8 cikin 10,000. Ta dubura haɗarin ya ninka wannan sau da yawa. Na faɗi wannan ne don wanda abin ya samu ya iya numfashi, kada wani ya mai da shi lasisi. Adadin yana hawa sosai in akwai gyambo ko ciwon sanyi, ko in ɗayan bai daɗe da kamuwa ba. Kuma ku 'yan kasuwa ne, kun san ƙaramar asarar da ake maimaitawa kowace tafiya ita ke cinye jari.

Wata uku

Sai maganar gwaji, wadda ita ce ta fi rikita mutane. Ɗan kasuwar hatsin nan ya yi gwaji sau uku a kwana goma. Ko ɗaya daga cikinsu bai amsa tambayarsa ba, domin an yi su kafin lokaci.

Gwajin da aka fi yi a asibitocinmu, wanda ake tsira ɗan yatsa a ɗiga jini a jira minti 15 zuwa 20, ba ƙwayar cutar yake nema ba. Yana neman alamun da garkuwar jiki ke ƙerawa idan ta ga baƙuwar cuta, kuma jiki yana ɗaukar makonni kafin ya ƙera su. Wanda ya yi shuka jiya ba ya zuwa gona yau ya ce iri bai fito ba. Wannan tazara, tsakanin shigar cuta da lokacin da gwaji zai iya ganinta, ni nakan kira ta kwanakin ɓuya.

Tsawon kwanakin ya danganta da irin gwajin. Na ɗan yatsa yakan fara gani daga kamar kwana 23, amma a wasu mutane sai an kai kwana 90. Gwajin ɗakin bincike, wanda ake ɗebo jini daga jijiya a nemi alamun garkuwa tare da wani ɓangare na ƙwayar cutar, yana gani tsakanin kwana 18 da 45. Akwai wanda ke neman ƙwayar cutar kanta, yana gani tsakanin kwana 10 da 33, sai dai yana da tsada kuma ba ko'ina ake yin sa ba. Akwai kuma wanda mutum ke yi wa kansa a ɗaki, ta goga ɗan tsinke a dasashi. Shi ma lissafinsa kwana 90 ne.

Ga yadda za ku riƙe shi a sauƙaƙe. Gwajin da ka yi a makon farko labarin watannin baya yake ba ka, ba na daren da kake tsoro ba. Yana da amfani, domin ka san inda ka tashi. Gwajin mako shida in ya nuna babu, alama ce mai kyau ƙwarai. Gwajin wata uku in ya nuna babu, kuma ba a sake wani abu a tsakani ba, magana ta ƙare. Ba sai an ƙara na huɗu da na biyar ba. Wanda ya sha maganin kwana 28 shi ma zai koma gwaji a wata uku.

Wanda robarsa ba ta fashe ba fa? Wannan dare bai wajabta masa gwajin gaggawa ba. Amma in bai taɓa yi ba, ko ya daɗe bai yi ba, ko zuciyarsa ta ƙi kwanciya, ya yi yanzu, ya sake a wata uku, ya rufe littafin. Wanda kuma ya san irin wannan na faruwa da shi a kai a kai, ya riƙa gwaji duk wata uku zuwa shida, ya kuma tambayi asibiti game da maganin rigakafin da ake sha tun kafin abu ya faru, wanda ake kira PrEP.

Alamun jiki ba sa yanke hukunci. Gaskiya ne wasu kan yi zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, ƙuraje ko kaluluwa mako biyu zuwa huɗu bayan kamuwa. To amma waye a zauren nan bai yi zazzaɓi da ciwon jiki a bana ba? Da yawa kuma ba sa ganin komai har shekaru. Fargaba ita kanta tana hana barci da cin abinci, tana kawo gudawa da rama. Haka nan ba a gane mai cutar da ido. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da ita, kimanin mutum miliyan 1.9 a faɗin ƙasar. A Nijar binciken 2012 ya nuna kashi 0.4. Yawancinsu in kun haɗu a kasuwa ba za ku ga komai ba.

Abu ɗaya da za ku lura da shi: roba ta fi ƙarfi a kan ƙanjamau da ciwon sanyi fiye da cututtukan da ke bin gogayyar fata, irin su tunjere. Wanda ya ga gyambo, ko ƙurji, ko ruwa na fita, ko zafin fitsari, ya je a duba shi ko da robarsa ba ta fashe ba.

Gida

Yanzu ga inda abin ya fi nauyi. Ka dawo gida, roba ta fashe a hanya, kana jiran wata uku. Yaya za ka yi da uwargida da amarya?

A makonnin farko bayan kamuwa ƙwayar cutar ta fi yawa a jini, kuma a lokacin ne aka fi saurin ba wani. A daidai lokacin ne kuma gwaji zai iya nuna babu. Don haka wanda ke cikin jira ya kare iyalinsa: ko ya haƙura, ko ya yi amfani da roba, har sakamako ya fito. In matar tana da ciki ko tana shayarwa abin ya ƙara girma, domin uwar da ta kamu a wannan lokaci tana iya ba jaririnta. A gidan mata uku, kuskuren dare ɗaya yana iya zagaya ɗaki uku. Na san maganar tana da wuyar faɗa. Ku zo asibiti, zama da mata da miji a irin wannan magana yana cikin aikinmu. Wanda kuwa robarsa ba ta fashe ba, ba shi da dalilin ƙaurace wa iyalinsa saboda tsoron ƙanjamau.

Idan gwaji ya nuna akwai, ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya, sai an tabbatar da wani daban. In ya tabbata, ana fara magani nan da nan, kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati na Najeriya da Nijar. Mai shan sa kullum yana rayuwa ya tsufa a kan kasuwancinsa. Idan magani ya danne ƙwayar cutar har aka daina ganinta a awon jini, yawanci a cikin wata shida, mutum ba ya ba abokin zamansa ta hanyar saduwa. Mace mai ciki da ba ta shan magani, haɗarin ba jariri yana tsakanin kashi 15 da 45 cikin 100. Da magani yana sauka ƙasa da kashi 5. Matafiyi ya gaya wa asibitinsa irin sana'arsa, domin a wurare da dama ana ba da maganin wata uku ko fiye a lokaci ɗaya. Ya riƙa tafiya da katinsa da ƙarin magani, saboda ranar da iyaka za ta riƙe shi.

Roƙona ga ƙungiya

Tun 2002 ƙasashe biyar, wato Kwaddibuwa, Gana, Togo, Benin da Najeriya, suka kafa hukuma mai hedikwata a Kwatano don yaƙi da wannan cuta a kan hanyar Abijan zuwa Legas, saboda sun lura matafiyi yakan yi nisa da gida da kuma asibitin da ya saba. Ƙungiya irin taku za ta iya yin nata gwargwadon ƙarfinta, ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.

Ina roƙon kwamiti ya tattara sunayen asibitocin da ke ba da maganin awa 72 a manyan zangunan da kuke bi, ta Jibiya da Ɗan Isa, ta Illela da Ƙonni, ta Maigatari, ta Gamboru, a sa a dandalinku na WhatsApp yadda kowa zai gani ba sai ya tambaya ba. Ina roƙon iyayen gida, in direba ko yaro ya ce zai tsaya asibiti, a bar shi ya tsaya ba tare da tuhuma ba. Ina roƙon a riƙa gayyato masu gwaji a manyan tarurrukanku, shugabanni kuma su fara miƙa hannu, domin in alhaji ya shiga layi yaro ba zai ji kunya ba. Na ƙarshe, wanda aka san yana ɗauke da cutar kada a janye masa bashi, ko a daina cin abinci da shi, ko a yi da shi a majalisa. A Najeriya dokar 2014 ta hana nuna wa masu cutar bambanci, Nijar ma tana da tata dokar. Duk garin da ake tozarta mai cutar, mutanensa gudun gwaji suke yi, masu gudun gwaji kuma su ke kai ta gida ba su sani ba.

Ɗan kasuwar hatsin nan ya dawo a wata uku, sakamakonsa ya nuna babu, muka zauna na yi masa bayanin da na yi muku yau, ya koma gidansa. Direban kuma sakamakonsa sirrinsa ne. Abin da ya ba ni izinin faɗa shi ne, da ya san da maganar kwana uku, da a garin da abin ya faru zai nemi asibiti.

Ina nan a ɗakin da ke bayan zauren nan har la'asar. Duk mai tambaya ya zo shi kaɗai, abin da aka faɗa a ciki ba zai fito ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya kai kowa gidansa lafiya, ya maimaita mana na baɗi.